Wayar Yaya Mudi a Bakin Dajin Falgore

Mu bakwai ne a ɗakinmu. Yaya Mudi ne babba, ni Baturiya ni ce auta, tsakaninmu shekara goma sha shida. Mahaifinmu ya rasu ina aji uku a firamaren Ba'awa, tun daga nan shi ya zama uban gidan. Shi ya ɗinka mini kayan makaranta, shi ya zane ni ranar da na yi wa malaminmu rashin kunya, shi kuma ya tsaya a kan aurena har aka kai ni Bebeji. Na faɗi wannan tun da farko ne don kada wani ya ji abin da na yi masa daga baya ya ɗauka ban san ko shi wane ne a wurina ba.

Direba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan mota, ashirin daga ciki a kan hanya guda, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, wadda ta ratsa ta tsakiyar dajin Falgore. A Tudun Wada ya yi gida kusa da tasha, shi da matarsa Hajara. Motarsa farar bas ce mai cin mutum goma sha takwas, kuma ba a taɓa ganin na sha tara a cikinta ba. Ba ya gudu. 'Yan tasha kan tsokane shi su ce duk wanda zai shiga motar Mudi ya taho da guzuri da tabarma. Shi kuwa sai ya yi murmushi, ya ce a kawo masa mutum ɗaya da zai ce ya taɓa taka masa ko kaza. Ba a taɓa kawowa ba. Masu jego da tsofaffi sukan bar mota uku ta tashi suna zaune a benci, suna jiran layinsa ya zo.

Taurin kansa irin na shiru-shiru ne. Ba zai yi musu da kai ba, zai ce maka to, gobe ka tarar da shi yana yin abin da ya ga dama. Ni kuma bakina ba ya hutawa, shi ya sa ba ma rabuwa da faɗa, kuma yawancin faɗan namu na shekarun baya a kan wayarsa ne.

Ya sayo ta a Kano tun wajen 2014, ta hannu. Baƙa ce mai faɗi, rabinta na sama gilashi, rabin ƙasa kuma ƙananan madannai jere reras, kowane harafi da nasa, girman kowanne bai wuce ƙwayar wake ba. Lokacin da ya saye ta wayar 'yan gayu ce, tana shiga intanet, tana ɗaukar hoto. Sai duniya ta koma kan wayar shafa-shafa, har mai sayar da rake a bakin tasha ya yi tasa, Yaya Mudi yana nan da abarsa. Haruffan suka goge saboda danni. Murfin baya ya saki, ya ɗaure shi da roba guda biyu. Batirin ya kumbura kamar ƙosai, ya sayi wani, shi ma ya kumbura, har aka kai lokacin da ba a samun irinsa sai an yi sako Kano an tono a cikin matattun wayoyi. Daga baya manhajar hirar da kowa yake yi ta daina buɗewa a kanta. Direbobin tasha suna da guruf ɗinsu a can, suna tura wa juna murya daga safe zuwa yamma, shi kaɗai ne ba ya ciki.

Da babban ɗansa Imran ya fara aiki a Kano, sai ya sayo masa sabuwa dal a kwali. Ya karɓa, ya sa albarka, ya jujjuya ta a hannu, ya ce wannan ai faranti ne. Kwana biyu ya miƙa wa Hajara. Takanas na taso daga Bebeji na je na wanke shi tas, na ce yaro ya yi abin arziki an gwale shi, mutum yana yawo da waya kamar wadda aka tsinto a bola. Ya bar ni sai da na gaji don kaina, sannan ya jero mini dalilansa. Ya ce hannun direba kullum cikin baƙin mai yake ko a jiƙe, gilashi ba ya jin irin wannan hannu. Ya ce tasa ta faɗi ya fi sau ɗari, ta rabu uku, ya harhaɗa ta ta tashi. In caji ya ƙare ya zare batir ya sa na aljihu. Tana kama sabis a inda manyan wayoyi suke komawa madubi. Sannan yana rubutu a kanta ba sai ya duba ba.

Wannan na ƙarshen gaskiya ne, na sha gani. Yana magana da kai, hannunsa a cikin aljihun riga, kana jin ƙis-ƙis-ƙis, can sai saƙo ya shigo wayar wanda ya tura wa, babu kuskuren harafi ko ɗaya. Kowane mutum ya sa masa kukansa daban, saƙo yana shigowa ya san na wane ne. In zai kira Hajara madanni ɗaya yake dannewa, in ni ce wani madannin. Yara sukan taru su ce ya rufe ido ya rubuta musu sunansu, ya rufe ya rubuta, su yi ta shewa.

Aikin wayar na gaskiya a daji yake. Wanda bai san hanyar ba, ga yadda take: da ka bar ƙauyen ƙarshe ka shiga Falgore, ba gida ba gona, sai itatuwa da duwatsu, titin kuma duk kwana ne. Akan yi watanni lafiya lau, sai kuma rana ɗaya a ji an tare hanya an shiga da mutane ciki. Saboda haka direbobin layin suke da al'adarsu. Wanda ya riga ka shiga shi ne idonka, in ya ga abin da bai gamshe shi ba sai ya sanar da na bayansa. A cikin dajin kira ba ya shiga, muryar guruf ma ba ta tafiya, rubutaccen saƙon tes ne kawai yake silalewa in an yi sa'a. Mai yi wa Yaya Mudi wannan aikin Sagir ne, wani direba da ya koyi tuƙi a hannunsa tun shekarun baya, yanzu shi ma magidanci ne da motarsa. A jerin lodi motar Sagir ce a gaban tasa, don haka kusan kullum shi yake riga shi shiga. Kuma Sagir ba mai yawan rubutu ba ne.

Akwai wata ɗabi'a da aka san Yaya Mudi da ita a 'yan shekarun nan. In saƙo ya shigo yana tuƙi, ba ya dubawa. Sai ya zaro wayar ya miƙa wa na gidan gaba, ya ce hannunsa yana kan sitiyari, a karanta masa. Mutane suka yi ta yabonsa a kan haka, har shugaban direbobin tashar, Alhaji Balarabe, yakan kafa misali da shi a gaban matasan direbobi. Ni ma na yaba. Na ga yana karkata kai gefe in zai kalli mutum, na ce tsufa ne ya zo masa da sabon salo. Hajara ta ce mini ya daina buɗe Alƙur'ani da safe, da ka yake tilawa, muka ce ma sha Allah. Ya daina lodin yamma, ya ce saboda ɓarayi. Mun san yana da ciwon suga, mun san ba ya zuwa asibiti sai an yi da gaske. Duk wannan yana gabanmu, babu wanda ya haɗa ɗaya da ɗaya, har ni mai ganin na fi kowa wayo a gidanmu.

Ranar da na gane, wata Talata ce a watan Agusta na 2022. Damina ta yi nisa, ciyawar bakin hanya ta fi mutum tsayi. Zan je suna Doguwa, ƙanwar mijina ce ta haihu. Na sauka Tudun Wada da hantsi na tarar layinsa ya kusa, ya ajiye mini gidan gaba, kujerar tsakiya, kusa da shi. Ta bakin ƙofa wata tsohuwa ce mai sayar da man shanu, wadda tun kafin a tashi ta fara gyangyaɗi. Yana sunkuye yana ɗaure kaya a but wayar ta zamo daga aljihunsa ta daki ƙasa, ta rabu uku kamar yadda ta saba. Ya laluba ya tsince, ya harhaɗa, ya mayar da robar. Ta yi kukan tashi, ya jefa ta aljihu. Na ce wata rana dai sai ta ƙi tashi mu huta, ya ce ba yau ba. Motar Sagir ta riga mu fita da kamar minti ashirin.

A ƙauyen ƙarshe kafin daji muka tsaya sauke wani mutum da buhunan takinsa. An gama, Yaya Mudi ya dawo ya zauna, bai kai ga tayar da mota ba sai wayar ta yi kuka. Na ga kafaɗarsa ta ɗan motsa. Wani ɗan kasuwa a kujerar bayanmu, mai yawan bin hanyar, ya gane kukan, ya ce, "Direba, wannan ai na Sagir ne. Me ya ce?"

Mota a tsaye take, hannunsa ba ya kan sitiyari, ba shi da hujjar miƙa wa kowa. Ya zaro ta ya ɗaga daidai fuskarsa, ya ɗan karkata kai, leɓensa yana motsi kamar mai karatu. Sannan ya ce, "Lafiya lau ne. Ya ce hanya lafiya."

Kafaɗata tana gogar tasa, don haka ina ganin fuskar wayar sarai. Fari ne fat. Haske kawai, babu harafi, babu lamba, babu ko alamar batir. Faɗuwar da ta yi a tasha ta kashe rubutun ta bar hasken. Da farko na ɗauka rana ce ta haske mini ido, na ƙara matsawa na duba. Babu komai. Shi kuma ya gama karanta babu komai ɗin, ya gyaɗa kai, ya tayar da mota.

Ba mu yi tafiyar minti ɗaya ba sai ya miƙo mini ita ta ƙasa, ya rage murya ya ce in ƙara duba masa, kamar akwai sauran magana a ƙasan saƙon. A nan na gane dabararsa ke nan kullum: a tsaye ya yi kamar ya karanta, da an fara tafiya ya ba wani.

Na ce a hankali, "Yaya, babu komai a kanta."

Ya ce in duba da kyau, rubutun ƙanana ne.

Na ce, "Gilashin ya mutu. Fari ne fat. Tun ɗazu da ka ɗaga ta haka yake." Sannan na ce, "Yaya, ba ka gani ne?"

Hannunsa ya ƙanƙame sitiyari har jijiyoyin suka fito. Tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Ga daji a gabanmu, ga saƙon da babu mai iya karantawa daga mutumin da ba ya rubutu a banza, ga rai goma sha bakwai a hannun direban da bai san wayarsa ba ta nuna komai ba. A bayanmu wata mata tana yi wa jaririnta wasa, wasu samari biyu suna gardamar ƙwallo.

Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya ce wa fasinja injin ya ɗau zafi, a ɗan ba shi iska. Na zaro tawa wayar, babbar shafa-shafa da nake taƙama da ita, babu sabis ko kara ɗaya. Ya karɓi tasa ya sa tsakanin gwiwoyinsa, idonsa yana kallon gaba, yatsunsa biyu suka fara aiki. Da ya gama ya gaya mini abin da ya rubuta wa Sagir, leɓensa da kyar yake motsi: fuskar wayarsa ta mutu, ba ya iya karanta saƙo, in hanya lafiya ya turo ɗaya, in ba lafiya ya turo biyu.

Muka zauna jira. Ban san minti nawa ba ne, na dai san har gumi ya jiƙa mini mayafi. Ya kamata a lokacin in juya in gaya wa mutanen nan gaskiya, su sauka su nemi wata motar. Ban yi ba. Na ji tsoron abin da za su yi masa, na ji kunyar a ce yayana ne, kuma ban san ko zaman bakin dajin ya fi shigarsa aminci ba. Har yau in na tuna shirun da na yi sai na ji haushin kaina.

Wayar ta yi kuka sau ɗaya. Ya ƙara jira. Ɗan kasuwar nan ya fara mita, ya ce in motar ba za ta iya ba a faɗa musu, yana da mutane suna jiransa a Doguwa. Wasu suka taya shi. Yaya Mudi ya saurara ya saurara, na biyu bai zo ba. Ya yi bisimilla ya sa giya.

Sai a ranar na kalli yadda yake tuƙi. Kansa a karkace, yana kallon titi da gefen ido. Yana rage gudu kafin rami ya bayyana, yana kauce masa tun ni mai ido ban hango shi ba, saboda ramukan duk a kansa suke. Ya sauke gilashinsa har ƙasa, yana saurare. Da wata akuya ta tsaya a tsakiyar kwalta bai taɓa birki ba, sai da na ce akuya, sannan ya taka. Daga nan na shiga gaya masa duk abin da na gani, ƙasa-ƙasa, kamar mai lazimi. Bai hana ni ba.

Mun yi nisa cikin itatuwa sai ya ce mini, shi ma a hankali, tun da muka shigo mota ko ɗaya ba ta wuce mu daga ɓangaren Doguwa ba. Ban lura ba sai da ya faɗa. Titi fayau, ba babur ba tirela. Muna hawa wani tudu, inda sabis yake ɗan leƙowa, wayar ta sake kuka. Kukan Sagir ne. Saƙo na biyun ya maƙale ne a hanya, sai yanzu ya iso. Da ya juya lissafin, ya ce ɗaya shi ne babu lafiya, da tun a bakin daji mun koma. A cikin ruɗu bai yi wannan tunanin ba, ni ma ban yi ba.

Ya taka birki. Ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Jama'a, hanya ba kyau. Za mu juya. Kowa ya yi shiru ya yi addu'a."

Motar ta ɗauki salati, matar nan ta danna jaririnta a ƙirji. Wurin ƙunci ne, hagu da dama kwari ne da ruwa ya zaizaye, ciyawa ta rufe bakinsa. Mai ido biyu ma sai ya yi a hankali. Na miƙe rabi na leƙa ta kan tsohuwar nan, wadda ta farka tana tambayar ko an iso. Ina cewa taho, taho, tsaya. Koma baya. Tsaya. Sau huɗu yana gaba yana baya. A na ukun tayar gaba ta hau bakin kwarin har na ji ƙasa tana zubewa a ƙarƙashinmu, na ƙwala masa tsaya da muryar da ban san ina da ita ba. Muna daidaita hanci sai muka ji ƙarar bindiga daga can gaba, bayan tudun, sau biyu, sannan sau da yawa. Ranar ce kaɗai na ga Yaya Mudi ya yi gudu da mota, kuma ni ce nake gaya masa inda titin yake.

Da la'asar labari ya iso Tudun Wada. An tare hanya a bayan tudun nan, an shiga daji da mutanen wata mota da ta taso daga Doguwa. Sagir ya hango su daga nesa, ya saki titi ya kutsa wata tsohuwar hanyar masu itace, ya ɓuya da fasinjansa, daga can yake turo saƙon. Tasha ta cika da mutane. Ɗan kasuwar da ya yi ta mita shi ne ya riƙe hannun Yaya Mudi ya ƙi saki, yana ba kowa labari. Aka karɓi wayar ana ɗagawa sama, ana cewa tsohuwa mai ran ƙarfe, fuskarta a mace amma ta ceci mota guda. Wani yana tambaya ko har yanzu ana samun irinta. Ina gefe a zaune kan buhu. Ban je sunan ba.

Washegari da safe na same shi a ƙofar gida yana wanke mota. Ban yi masa kwana-kwana ba, na ce tun yaushe. Ya daɗe yana matse tsumma kafin ya ce shekara biyu da wani abu. Ya ce kamar an shafa toka ne a tsakiyar duk abin da ya kalla, gefe-gefe yana gani, tsakiya babu. Da idon hagu ya fara, sannan na dama ya bi. Fuskar mutum ba ya gane ta sai ya yi magana. Na ce Hajara ta sani? Ya ce babu wanda ya sani. Na ce me ya hana shi zuwa asibiti, ya ce in ya je za a rubuta, in an rubuta za a ji, in an ji an karɓe makulli, shi kuma tun yana ɗan shekara ashirin da biyu bai san wata sana'a ba.

Na yi kuka, na kuma yi masa faɗan da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce jiya akuya ce, gobe ɗan wani ne. Ya ce hanyar a tafin hannunsa take. Na ce yaron da zai tsallaka titi ba ya cikin tafin hannunsa. Sai ya ce, "Baturiya, ki rufa mini asiri zuwa kaka. In an yi girbi zan ajiye da kaina, in ce na gaji. Kada a ce makanta ce ta sauke ni."

Na ce ba zan iya kai wa kaka ba. Na ba shi zuwa Juma'a ya je ya gaya wa Alhaji Balarabe da bakinsa, kuma kafin nan kada ya ɗau fasinja. Ya ce to.

Na koma Bebeji, kwana uku ina zaman jira. Duk wayar da ta shigo sai in ce shi ke nan, an kira a gaya mini. Ranar Asabar na kira Hajara kamar gaisuwa, ta ce ai Yayanki ya fita tun safe, an buɗe hanya, yanzu ma mutane rububin motarsa suke, jiya sawu biyu ya yi. Ta ce an kai wayar wurin mai gyara ya sa mata wani gilashin, ta tashi. Ta ƙara da cewa gobe ma iyayen wasu 'yan mata 'yan makarantar kwana sun yi shatar motar, sun ce ba su yarda da kowa ba sai shi.

Na ajiye wayar na ɗauki mayafi. Mijina ya tambaye ni ina zuwa, na gaya masa komai a tsaye, ya ce in je. Kafin azahar ina ofishin Alhaji Balarabe. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa. Bai yarda ba da farko, ya ce Hajiya ko dai wani saɓani ne na gida. Na ce ya gwada shi.

Dattijo ne, bai yi abin a gaban mutane ba. Da Yaya Mudi ya dawo ya kira shi ciki, ya rufe ƙofa, ni ina zaune a lungu ban yi motsi ba. Ya miƙa masa takardar sunayen fasinja, ya ce ya karanta masa na farko. Yaya Mudi ya riƙe takardar ya daɗe. Bai yi ƙarya ba wannan karon. Ya sa hannu a aljihu ya zaro makullin ya ajiye a kan tebur. Sannan ya ce wa ya faɗa. Alhaji ya ce ba wannan ne abin tambaya ba. Ni ce na kasa daurewa, na ce, "Ni ce, Yaya." Ya juyo da gefen fuskarsa wajen da nake, sannan ya fita.

Imran ya kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce sugan ne ya ci bayan idon, da an zo tun da abin ya fara da an tare mafi yawansa, yanzu sai dai a yi ƙoƙarin riƙe ɗan abin da ya rage. Da na ji haka na rasa wa zan tsine wa, sai wayar. Da shafa-shafa ce a hannunsa, a makon farko zai kasa kiran matarsa, a makon nan za mu sa shi a gaba zuwa asibiti. Ita kuwa ta rufa masa asiri shekara biyu, har idon ya tafi. Ita ɗin ce kuma ta fitar da mu daga daji da ranmu. Na kasa raba mata hukunci, na bar ta.

Motar tana hannun wani direba yanzu. Ƙungiya ta ba Yaya Mudi benci a bakin ƙofar tasha, shi yake nuna wa fasinja motar da ke kan layi. Yana gane mutane da murya tun daga nesa, ya kira sunan mutum da na garinsu, ya tambayi masu jiki. Hajara ta ce mini na yi daidai, Sagir ma ya aiko a gaya mini haka. Na san ban yi laifi ba, kuma 'yan matan nan sun isa makaranta lafiya a wata motar. Amma shekara biyu ke nan bai taka gidana ba, in na je nasa sai ya shiga ɗaki ya ce barci yake ji.

Watan jiya na biyo ta tashar daga wata gaisuwar rasuwa. Na tsaya a gabansa, na rusuna, na ce, "Yaya, ina wuni."

Ya karkata kai wajen muryata. Sannan ya ce, "Lafiya lau, Hajiya. Ina za a je?"

Na ce Bebeji.

Ya nuna da hannu ya ce, "Ga ta can a gaba, saura mutum biyu."